Tabulet: da gaske tana ɗaukar aiki biyu a lokaci guda?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum. Masana, wanda yake da waya da laftof, me tabulet za ta ƙara masa? Ana cewa ana raba fuskarta gida biyu, littafi a gefe, rubutu a gefe. Wace iri ce ke yin haka ba ta cijewa?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Amfaninta faɗin fuska ne ba tare da nauyin laftof ba. Fuskar waya ba ta cika kai inci 7 ba, in ka raba ta biyu kibod ya fito, sai ka rasa inda za ka karanta. Tabulet mai inci 8 ma ta matse, nemi inci 11 zuwa sama.

iPad ta samu raba fuska a 2015, Android kuma daga siga ta 7 a 2016. A Android, buɗe jerin manhajojin da ka taɓa kwanan nan, danna tambarin wadda kake so, zaɓi raba fuska, sannan ka ɗauki ta biyu. Layin tsakiya ana jan sa don a ba ɗaya wuri fiye da ɗaya.

Cijewa kuwa galibi daga RAM take, wato ƙwaƙwalwar da ke riƙe manhajojin da ke buɗe. Mai 3GB ko 4GB, da ta cika sai na'urar ta kashe manhajar da ke baya, ka dawo ka tarar shafin ya fara daga farko, rubutun da ba ka adana ba ya tafi. 8GB ta fi kwanciyar hankali. Kada 128GB na ma'ajiya ya ruɗe ka, wannan wurin ajiye fayil ne kawai.

Malama_Mai_Allo:
Ƙari a kan bayanin Injiniya, duba saitin tattalin batir, domin shi ma yakan tsayar da manhajojin baya ko da RAM ta wadata. Cire manhajar rubutunka daga ƙarƙashinsa. Wasu manhajojin kuma, musamman wasanni, ba sa yarda a raba su sam.

Dattijo:
Ɗana, na'urar za ta iya, kai ne ba za ka iya ba. Ƙwaƙwalwa ba ta karatu biyu tare, tsalle take daga wannan zuwa wancan, kowane tsalle kuma sai ka sake neman inda ka tsaya. Haɗa abu biyu masu hidimar aiki ɗaya, PDF da takardar rubutu, ko bidiyon darasi da alƙalami. WhatsApp a rabin fuska kam ban ba ka shawara ba, kashe sanarwarsa kafin ka zauna.