Alignment a teburan firmware: "kan gaɓa" ko "daidaita sahu"?

Salam 'yan uwa. Ina rubuta bayani kan yadda kwamfuta ke tashi kafin Linux ko Windows su karɓi aiki, na zo kan kalmar alignment na tsaya cak, na rasa da wace kalmar Hausa zan fassara ta.

Ga abin da ake nufi. Firmware, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, na ajiye tebura a memori masu bayanin kayan cikin na'ura, irin su SMBIOS da ACPI. A tsohon tsarin BIOS ba wanda zai nuna wa OS (irin su Linux ko Windows) inda suke, in SMBIOS take nema ita ce za ta bi adireshin memori daga 0xF0000 zuwa 0xFFFFF tana neman alamar _SM_, kuma ba kowane bayit take dubawa ba, tsallen 16-16 take yi, wato wuri 4096 maimakon 65536. In ka aje teburin a adireshin da 16 ba ta raba shi ba, to ko lafiyarsa ƙalau za ta tsallake shi kamar babu. Teburin FACS na ACPI ma adireshin da 64 ke rabawa yake so, device tree (bayanin kayan na'ura a masarrafan ARM64) kuma 8.

Wani malami a nan ya ce a fassara ta da "daidaitawa". Malam, da girmamawa, ta yi faɗi, da ita muke cewa a daidaita agogo, a daidaita ma'aurata. Wani ya kawo "daidaita sahu", wallahi ta burge ni da farko, amma sahu kafaɗarka kake haɗawa da ta na kusa da kai, shi kuwa teburin nan ba ruwansa da maƙwabci, adireshin da ya fara kawai ake kallo.

Ni "gaɓa" nake gani. Ku dubi rake, gaɓa bayan gaɓa, kuma dama muna cewa an yi sara a kan gaɓa. Sai mu ce tebur ya zauna kan gaɓar 16, wanda bai dace ba kuma ya kauce wa gaɓa, bayit ɗin banza da ake cusawa don a kai gaɓa ta gaba su zama ciko.

Na san gaɓoɓin rake ba tsawonsu ɗaya cif ba, na memori kuwa ɗaya ne, shi ya sa dole a riƙa faɗin lambar. Na gwada a jimla: "ARM kan tsaya da kuskure in aka karanta abin da ya kauce wa gaɓa kafin a kunna MMU." Ta zauna min a baki. MMU shi ne sashen masarrafar da ke fassara adireshin memori. Masu aiki da manhajojin tayar da kwamfuta irin su U-Boot ko coreboot, ku gwada ta a naku jimlolin ku faɗa min inda ta ƙi.