Mai nama shi ke neman wuta: tsakaninmu da baƙin 'yan kasuwa, wa ke da naman?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis da ta wuce, a rumfar masu fata ta Kasuwar Dole a Damagaram, gardama ta kaure tsakanin kawuna da wani matashi da ya gama jami'a. Matashin ya dage cewa ƙasa irin tamu Nijar ba ta da abin da za ta ja hankalin mai jari da shi, sai dai roƙo. Kawu ya ajiye fatar akuyar da ke hannunsa ya ce, "Yaro, mai nama shi ke neman wuta." Matashin ya ce ai maganar shi ta goya wa baya. Tun ranar nake juya ta a raina: tsakaninmu da baƙin da ke zuwa da kuɗinsu, wa ke da nama, wa ke da wuta?

Mushe na Zengo: Wa alaikumus salam. A ganina mu ne masu naman, kuma mu ne ke neman wutar. Man fetur na Agadem ya daɗe kwance ƙarƙashin rairayi bai amfani kowa ba, sai da kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya zo da kuɗi da injina, aka buɗe matatar SORAZ a 2011, wadda aka gina don tace ganga 20,000 a rana, kashi 60 nasu, kashi 40 na Nijar. Haka uraniyom na Arlit, wanda aka fara haƙa tun 1971. Arzikin namu ne, amma naman da bai ga wuta ba ruɓewa yake yi.

Alhaji mai kamyo: Mushe, ka yi haƙuri, ka juya maganar. Kuɗi su ne naman, domin kuɗin da aka ajiye ba sa haihuwa, dole mai su ya fita neman inda za su yi aiki. Abin da yake nema kuwa yana nan wurinmu: fili mai yalwa, matasa masu ƙarfi waɗanda ladansu bai kai na ƙasashen da suka ci gaba ba, tunda kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, sannan ga Kano kusa, ƙofar kasuwar mutane fiye da miliyan 200. Ina lodin wake da safe a Matamaye, in duwan, wato 'yan kwastan, ba su tsare ni ba, in yi la'asar a kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano. A zamanin Sarki Tanimu, fatake daga Tarabulus suke ratsa sahara su sauka Damagaram, babu wanda ya aika musu goron gayyata. Kuma a Yamai aka ƙaddamar da yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka a Yulin 2019.

Jikar Inna: Alhaji, maganarka ta tuna mini kakata, Allah ya jiƙanta. A wani ƙauye kusa da Magarya take, zamanin da ashana ba ta wadata ba. Kowane dare takan tara garwashin ƙirya a murhu, ta lulluɓe shi da toka, ta kifa tsohon kasko a kai. Da asuba sai ka ga yaran maƙwabta sun yi layi, kowa da guntun kasko ko karan dawa, sun zo ɗibar wuta. Ba ta taɓa hana kowa ba, ba ta kuma taɓa karɓar ko dala ba, amma ranar da wani ya yi yanka a unguwar, sai tsoka ta iso gidanmu kafin azahar.

Da kakar gyaɗa ta zo, mazan gidan sukan kai buhuna sikeli a auna a ba su abin da aka ga dama, a loda a yi kudu da ita. Ita kuwa takan ɓoye kwano goma a bayan rumbu. Ta soya, ta daka, ta matse da hannunta har tafinta ya yi ja, ta fitar da mai a kwalba, tunkuzar ta yi ƙuli-ƙuli. Mahaifiyata ta ce kwano goman nan yakan kawo kuɗin da suka kusa na buhu. Idan kakana ya yi mata faɗa cewa tana rage masa awo, takan ce masa gyaɗar da ta bar gida ɗanya ta tafi da ladanta.

Malam na Garin Malam: Allah ya jiƙan Inna. Yaya, wannan tsohuwa ta riƙe nama da wuta a hannu ɗaya, abin da muka kasa ke nan. Fatunmu na fita ɗanyu, su dawo mana takalma.

Ɗan Sabon Gari: Wasu kuwa da muka sani, masu zuwa da manyan motoci lokacin zaɓe suna alkawarin masana'antu, sun cinye naman, sun kashe wutar, sun bar talaka da hayaƙi a ido. Ina faɗin haka da ciwo a raina, domin ƙannena biyu suna Libiya neman aikin da ya kamata su samu a gida.

Alhaji mai kamyo: Allah ya dawo da su lafiya, ƙanena. Ni ma ba zan ɓoye ba, kusancin Kano ni'ima ce mai mafari a hannun wani. Da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, waken da na saya ƙwari suka cinye rabinsa a sito.

Mushe na Zengo: To ai shi ya sa na ce mu ne ke nema. Amma labarin Inna ya sa ni tunanin ko karin maganar ba ta shafi wanda ya iya haɗa murhu da kansa ba.

Ɗan Birni: Na karanta wa kawu duk abin da kuka rubuta. Bai ce komai kan wanda ya yi daidai ba. Ya dai ce in tambayi Yaya Jikar Inna ko har yanzu akwai mai matsar man gyaɗa da hannu a ƙauyen nasu, yana son kwalba biyu kafin azumi.