Gem ɗin kwamfuta: kuna ɗanɗanawa kafin ku biya, ko cinikin biri a sama kuke yi?

Ɗan Runjin Sambo:
Assalamu alaikum jama'a. Wata uku ke nan ina tara kuɗi in sayi gem ɗaya na asali, don na gaji da irin waɗanda ake loda mana a kasuwa. Yau ya buɗe, gobe ya ƙi, jibi ya kwaso maka bairos. Da na leƙa farashin sabbin manyan wasanni sai jikina ya yi sanyi, dala 60 zuwa 70. In canji yana wajen 1,500, dala 70 ta haura naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Ga shi kwamfutata ta hannu ce, ban da tabbacin za ta ɗauka. Ko kilishi za ka saya sai an yago maka ɗan gefe ka ji. Don Allah wanda ya taɓa saye da kuɗin aljihunsa ya ba mu labari, ya ya gwada, kuma ya ya biya?

Injiniyan Farfaru:
Wa alaikumus salam. Ni ta Steam na bi, wato shagon sayar da gem na intanet, kuma abin da ya cece ni dokarsu ta mayar da kuɗi ce. Tun 2015 suke da ita: in ba ka wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba ka buga awa 2 ba, kana iya neman kuɗinka. Na sayi wani wasan tseren mota cikin watan Afrilu, ka san Afrilun Sakkwato. Na saita ƙararrawa a waya kan minti 90 don kada in zarce. Ko minti 20 ba a yi ba fankar kwamfutar ta fara kuka kamar injin markaɗe. Na ɗora ta kan bulo biyu, na juyo mata fankar ɗaki, duk da haka mota na tafiya tana tsayawa kamar mai ciwon ƙafa. Laifina ne, ban karanta abin da wasan ke buƙata ba. Na cike neman mayarwa, kuɗin suka dawo asusuna na Steam.

Amma ka kula, agogon ba ya jiranka. Lokacin da kake ɓatawa wajen gyara hoto da saita pad, abin da ake riƙewa a buga wasan, duk yana cikin awa biyun.

Baban Khalifa, Mabera:
Ku dai kuna wahal da kanku. Gwajin gaskiya shagona yake. Shekara tara ina riƙe da gidan gem, ban taɓa ganin yaro ya sai wasan da bai fara bugawa wurinmu ba. Ya zo ya biya kuɗin wasa guda, a ci shi huɗu da nema, ya sake biya, in sati ya zagayo ya san ko abin nashi ne. Zafin inji da kuɗin fetur duk ni ka ɗauka. Akwai wani ɗalibi da ya yi wata guda yana zuwa bayan la'asar kan wasa ɗaya, ranar da ya sai nashi har tsire ya kawo mani, wai tukuici.

Ni kuwa a sana'ata biya sau guda na fi so. Da Konami ta mai da wasan ƙwallonta na PES ya koma eFootball a 2021 tana ba da shi kyauta, yara sunka yi ta murna. Amma har gobe tsohon da na saya a faifai shi ne kan allon tsakiya, don ba ruwanshi da intanet. In an ɗauke wuta in tada inji, mu ci gaba daga inda munka tsaya.

Sarkin Data:
Baba ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Mayun 2020, muna cikin kullen korona, Epic, mai wani shagon gem na intanet, ta ba da wasan GTA V kyauta na mako guda. Na danna na karɓa ina ta washe baki. Sai da na zo saukewa na ga kusan giga 100. Da garabasar datar dare na yi ta jan shi, in tashi ƙarfe ɗayan dare in rataya waya a tagar ɗaki, inda sabis ya fi kamawa, in zauna ina gyangyaɗi sauro na shagali. Dare goma sha ɗaya. Ranar da ya kammala, mahaifiyata ta ce ko haddar Alƙur'ani ban taɓa yi wa irin wannan tsayuwar dare ba. Ban da amsa.

Har yanzu duk Alhamis ina shiga in karɓi na kyautar da suke bayarwa, sun taru sun fi ƙarfin lissafina, amma waɗanda na sauke ba su kai biyar ba. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairun 2025, kafin in tambayi dala nawa sai na tambayi giga nawa. Shi ya sa ko mayar da kuɗin da Injiniya ke yabo bai cika burge ni ba. Za su mayar maka da dalarka, to datar fa?

Maman Iman:
Ni ba na bugawa, ƙanena ne da ke zaune wurina a Arkilla. Ya ce min wasan ƙwallon da yake yi kyauta ne, na ce to madalla. Ashe a ciki akwai wasu ƙunshi da ake saye, ba ka san ɗan wasan da zai fito ba sai ka buɗe. Yau ya ce Anti a ba ni dubu biyu na handawut, gobe dubu ɗaya da ɗari biyar na aski. Da na zaunar da shi muka duba wayarsa, cikin wata biyu ya tura wa mai sayar masa da kuɗin wasan abin da ya fi kuɗin buhun gero. Kuma ɗan wasan da yake nema bai fito ba! Wallahi da tun farko ya ce min wasa kaza kuɗinsa kaza, da na san ko in saya ko in hana. Wannan na tsiyaya kaɗan-kaɗan shi ne ban yarda da shi ba.

Malam na Dundaye:
Hajiya, Allah ya ƙara haƙuri. Wannan da kika kwatanta ko a fiƙihu an san shi, ka ba da kuɗi sananne a kan abin da ba a san ko mene ne ba. Garari ke nan, kuma ƙofar caca ce. Kada a ce tsaurin malamai ne kawai: a 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi caca ne a dokarsu.

Abba Sniper:
Allah gafarta Malam, a yi mana adalci kaɗan. Ba duk na kyauta ne haka ba. Shekara uku ina buga Counter-Strike da PUBG a kwamfuta, PUBG ma tun Janairun 2022 ya zama kyauta, kuma sau biyu tak na taɓa sa kuɗi, na sayi kayan da na gani da idona kafin in biya. Ba su ƙara min ƙarfin harbi ba, ado ne kawai. Ga talaka irina, wane gwaji ne ya fi a ce shigo ka buga iya son ranka?

Malam na Dundaye:
Abba, in ka ga abu ka san farashinsa ka saya, ba da kai nake ba. Da rufaffen ƙunshi nake. Sai dai a rage harbin in an kira salla.

Bazamfara:
Ba wanda ya yi maganar biyan wata-wata. Ni shi ya fi min, kamar haya ne. EA Play, tsarin biyan wata-wata na kamfanin wasanni EA, na ba da awa 10 na gwajin sabbin wasanninsu, ciki har da na ƙwallon da ya bar sunan FIFA ya koma EA Sports FC a 2023. Awa goma ta ishi mutum ya san gaskiyar wasa, ba kamar awa biyu ba. Ina biya lokacin hutun makaranta, in an koma in yanke.

Wahalar tana wajen biyan. A 2022 bankuna da dama sun rufe sayayyar waje da katin naira, sai a 2025 wasu suka fara buɗewa. A tsakanin nan na koma sayen lambar katin Steam, wadda ake shigarwa kuɗi su shiga asusun Steam, hannun mutane. Sau uku lafiya lau. Na huɗu wani da na samu a intanet ya turo min lamba, na shigar aka ce an riga an yi amfani da ita. Na koma in yi masa magana, ya toshe ni. Tun ranar ba na saye sai hannun wanda na san shagonsa, in tsaya a gabansa in shigar da lambar kafin in tura kuɗi.

Ɗan Kwanni:
Hayar nan a yi hattara da ita. Na taɓa shiga wani tsarin da suka ce watan farko rangwame, na manta ban kashe sabuntawa ba, na tafi Illela harkar albasa. Wata uku ana cira ban kunna kwamfutar ba ko sau ɗaya.

Alhaji Tsohon Hannu:
'Ya'yana, wannan ɗanɗanon da kuke nema mun same shi tun kuna goye. Doom da ya fito a 1993, kashi na farko kyauta aka sake shi, kowa ya kwafa ya ba abokinsa, wanda ya ji daɗi ya biya a ba shi sauran. A ofishinmu a kan fulofi ya zo, bayan an tashi aiki sai mu kulle ƙofa mu yi layi kan kwamfuta ɗaya, masinja na gadin taga. Ban ga tsarin da ya kai wannan mutunta mai saye ba.

Abin da ke damuna da na yanzu shi ne, ka biya amma ba naka ba ne. A ƙarshen Maris 2024 aka kashe sabar wasan The Crew, wato kwamfutar kamfanin da wasan ke dogara da ita ta intanet, waɗanda suka saya suka wayi gari ba abin bugawa. Steam ma yanzu tana rubuta maka a wajen biya cewa lasisi kake saye, wato izinin bugawa kawai. Shi ya sa ɗan abin da nake saye a shagon intanet na GOG nake saye. Suna ba ka fayil ɗin girkawa gaba ɗaya, ka adana a naka faifan, ba ya neman izinin kowa kafin ya buɗe. Nawa suna cikin durowa tare da takardun fili.

Injiniyan Farfaru:
Alhaji, ɗanɗanon bai mutu ba. Steam na yin bikin Next Fest sau uku a shekara, Fabrairu da Yuni da Oktoba, ana zuba demo, wato ɗan yankin gwaji na kyauta, na wasannin da ba su fito ba. Yawanci na ƙananan kamfanoni ne, kuma su ne ma kwamfutocinmu ke iya ɗauka.

Ɗan Runjin Sambo:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda aka kwana. Na haƙura da na dala 70. Jiya da dare na sauke demo na Euro Truck Simulator 2, na ɗora kwamfutar kan bulo yadda Injiniya ya yi, na ja tirela kusan awa ɗaya ba ta ko yi tari ba. Sau biyu na kifar da kaya a kwana, amma wannan matsalar direba ce. Kuɗinsa dala 20, an ce min lokacin rangwame yakan faɗo wajen dala 5, don haka zan jira na ƙarshen Disamba.

Bazamfara, shagon mutumin naka a ina yake? Baban Khalifa kuma ina nan tafe ranar Asabar bayan la'asar, a ajiye min pad mai lafiya, ba wanda maɓallinsa ke maƙalewa ba.

Baban Khalifa, Mabera:
Duk pad ɗina lafiya lau suke. Wanda anka ci shi ka cewa maɓalli ya maƙale. Taho da canji, ba ni da POS.