Ma'aikatanmu sai ajiye aiki suke yi, ya za mu riƙe su?

Maman Khadija:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar ƙungiyoyi masu zaman kansu. Ni ke kula da ma'aikata a wata ƙaramar ƙungiya nan Zariya, ofishinmu na Tudun Wada amma aikin ya fi yawa a ƙauyukan Giwa da Soba, wayar da kan mata kan awon ciki da rigakafin yara. Abin da ke damuna shi ne duk wanda muka ɗauka muka koya masa aiki, yadda ake cike fom a waya, yadda ake fara gaisawa da mai unguwa da maigida kafin a shiga wajen matan, yadda ake rubuta rahoto, to da hannunsa ya faɗa sai ka ga takardar ajiye aiki, ya tafi Kaduna ko Abuja ko Maiduguri wajen manyan ƙungiyoyi. Kuma ni ban ga laifinsu ba, abin da muke ba mai zuwa ƙauye a wata bai kai alawus ɗin ɗan bautar ƙasa ba tunda aka mayar da nasu 77,000. Shugabanmu in an yi magana sai ya ce ai aikin lada ne, masu ba da tallafi kuma da sun ga layin albashi ya yi nauyi a kasafi sai su ce a rage. Don Allah ku da kuka daɗe a harkar, me kuke yi mutane ke zama?

Akanta Kongo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in fara da abin da ba a so a ji: kafin maganar ƙari, akwai haƙƙin da doka ta riga ta ɗora a kan masu ɗaukar ma'aikata, kuma yawancin ƙananan ƙungiyoyinmu ba sa sa shi a kasafi sam. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma 70,000 a watan Yulin 2024, daga 30,000 da aka sa a 2019. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci kashi 8, kuma wajibi ne in kuna da mutum 15 ko fiye, tare da inshorar rai da ta kai albashin shekara sau uku. Sai kashi 1 na jimlar albashi da ake ba NSITF, asusun gwamnati na biyan diyyar ma'aikata, saboda wanda ya ji rauni a bakin aiki, ku kuwa da yaranku ke kan mashin kullum a hanyar Giwa, wannan ba abin wasa ba ne.

Abin da na lura shi ne mu da kanmu muke yanka wuyanmu tun wajen rubuta takardar neman tallafi. Saboda tsoron kar a hana mu, sai mu rubuta albashi tsirara, ba fansho, ba inshora, ba kuɗin hutu, ba wani tanadi na tsadar rayuwa a shekara ta biyu, shi kuma mai ba da kuɗin ba zai tuna maka abin da kai ba ka nema ba. Alhali in ka rubuta fansho da NSITF a layinsu daban ka ce doka ce ta Najeriya, da wuya ka ga mai tallafin da zai ce ka karya doka. Haka kuɗin gudanar da ofis, a dokar tallafin gwamnatin Amurka ma an ɗaga wanda ake yarda da shi kai tsaye daga kashi 10 zuwa 15 a 2024, amma sai ka ga ƙungiya ta rubuta kashi 5 wai don a ce tana da tattali. Wannan ba tattali ba ne, albashin yaranki ne kika bayar kyauta.

Sannan ku yi matakan albashi a rubuce, kowa ya san inda yake da abin da zai kai shi gaba. Ba wai oga ya duba fuska ya yanke ba.

'Yar Sabon Gari:
Anti Maman Khadija ni ina cikin irin waɗanda kike magana a kai, na yi aikin shiga ƙauye kuma na bari, to bari in gaya miki gaskiya ba ƙarancin albashin ne ya kore ni ba, ai na san nawa ne tun ranar da na sa hannu. Abin da ya ƙona min rai shi ne ba ka san ranar da za a biya ka ba, wata ya ƙare a ce kuɗi bai sauka ba a jira, mai gidan haya kuma ba ya jira. Sai kuɗin mota, a ce ki yi da naki za a mayar miki, ki hau mota daga Kwangila ki sauka ki hau mashin, damina ce hanya duk taɓo, ki dawo da magariba hijabinki ya yi ja da laka, sannan a ce sai kin kawo rasit, wane ɗan acaba ne ke ba da rasit fisabilillahi? Bayan an cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya ninka ya sake ninkawa amma abin da ke takarda bai motsa ba, wato ni ke tallafa wa ƙungiyar daga aljihuna.

Kuma in taro ya taso a otal a Kaduna ko Abuja, mai alawus ɗin kwana, mutum biyu ne dai kullum ke zuwa, mu da muka tattaro bayanan sai dai mu gani a Facebook. Da ana juya shi kowa ya samu, da an ba mu takardar shaidar horo, wallahi da yawa za su yi haƙuri. Wata abokiyar aikina ta haihu, aka ce ta dawo bayan suna da sati biyu ko a ba wata gurbinta, alhali dokar ƙwadago ta ba mace sati 12. Ranar na fara tura takarduna wasu wurare.

Maganar aikin lada kuma, ku gaya wa shugabanku cikin ladabi, Annabi (SAW) ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

Baban Ummi Samaru:
Duk abin da aka faɗa gaskiya ne amma Malam Akanta ka yi magana kamar kuɗin na nan yadda yake da. Tun da Trump ya dakatar da tallafin waje a Janairun 2025 aka kuma rushe USAID, hukumar ba da tallafi ta Amurka, manyan ƙungiyoyin ma sallamar mutane suke yi, wasu da suka gudu Abuja sun dawo gida suna neman ko aikin koyarwa. Don haka ni ba zan ba Hajiya shawarar ta yi alkawarin ƙarin da ba ta da tabbacin ɗorewarsa ba, ƙarin da aka janye bayan wata shida ya fi rashin ƙarin ciwo.

Abin da muka yi a namu wajen, mun rage yawan mutane da gangan, gurbin da ya faɗi ba mu cike ba, muka raba kuɗin ga waɗanda suka rage tare da rage ƙauyukan da muke zuwa don kar aikin ya kashe su. Muka sa kowa da iyalinsa a inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, kuɗin ba shi da yawa idan aka kwatanta da abin da yake ɗauke wa mutum ranar da yaro ya kwanta. Kuɗin mota ranar Litinin ake turawa kafin a fita. Kuma muna gaya wa kowa ranar da tallafin da ke biyan albashinsa zai ƙare tun da sauran wata uku, ba ɓoye-ɓoye. Wasu za su tafi duk da haka, yaron da ya fito daga ABU da digiri mai kyau ba za ki riƙe shi shekara goma a Tudun Wada ba, ki ci moriyar shekara biyu ko uku ku rabu lafiya. Waɗanda ke zama su ne matan aure 'yan yankin, masu takardar kiwon lafiya ko NCE, su ya kamata ki fi zuba wa horo.

Akanta Kongo:
Ranka ya daɗe ban ƙi taka ba, sai dai rage mutane ma sai an nemi izinin mai tallafin a rubuce kafin a juya kuɗi daga layi zuwa layi, in ba haka ba ranar binciken kuɗi kai za a ce ka mayar.

Maman Khadija:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. 'Yar Sabon Gari maganarki ta kuɗin mota ita zan fara kaiwa gaban kwamitin amintattu ranar Asabar, don wannan ba ya buƙatar jiran kowa. Malam Akanta don Allah mu mutum 11 ne, biyu kuma na wucin gadi, shin fanshon ya hau kanmu dole ko sai mun ga dama? Kuma in akwai samfurin matakan albashi da kake da shi ka taimaka ka turo min ta akwatin saƙo.