Neman kalma: me za mu kira "panel" da mai jan ragamarsa a taron fasaha?

Mai tsara jadawali:
Assalamu alaikum malamai. Ana shirya jadawalin taron masu fasahar kwamfuta, irin su DevFest da ƙungiyoyin GDG (na masu gina manhaja da fasahar Google) ke yi a watannin ƙarshen shekara, kuma ana so ya fito da Hausa. Mako biyu kafin taro ake neman kowane mai magana ya aiko da 'yan layuka, ya gabatar da kansa da abin da zai yi magana a kai. A nan aka cije, domin kalmar "panel" ta ƙi zama. Abin da ake nufi shi ne mutum uku zuwa biyar a jere a kan dandamali, wani yana yi musu tambayoyi suna amsawa bi da bi, daga baya masu sauraro su kawo nasu. Suna uku ake buƙata: na zaman, na mutanen, da na mai yi musu tambaya. Wasu sun ce a rubuta fanel kawai a wuce wurin.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Fanel ba za ta yi ba, tana da mai ita. Duk wanda ya shiga kasuwa ya ce yana neman fanel, farantin sola za a ɗauko masa, a tambaye shi mai wat 300 yake so ko mai 550. A gareji kuma ga mai fanel bita. Taron fasaha a Arewa da wuya ya tashi ba a taɓo wutar sola ba, kenan a shafi ɗaya kalmar za ta fito da ma'ana biyu. Aro ba laifi ba ne, kwamfuta da intanet duk aro ne, amma su sun tarar da gurbi babu kowa.

Tafinta:
Gaskiya ne Injiniya. A cire kwamiti ma tun da wuri. Idan gwamnati ta kafa "panel" don binciken wani al'amari, jaridu kan ce kwamitin bincike, kuma daidai ne a can. Kwamiti kafa shi ake yi, ya zauna, ya yanke shawara, ya miƙa rahoto. Waɗannan na kan dandamali ba abin da za su yanke, minti 45 ne su tashi. Idan aka rubuta wa baƙo cewa yana cikin kwamitin tsaron intanet, tambayar da zai fara yi ita ce yaushe za a ƙaddamar da su, kuma wa za su miƙa wa rahoto.

Muhawara ita ma tana da nata haɗarin. Mun taso da ita a makaranta: masu goyon baya, masu suka, alƙalai su ba da maki. Wanda ya ga muhawara a takardar gayyata zai zo da shirin kayar da abokin zamansa, alhali an kira shi ne ya faɗi yadda yake gudanar da aikinsa.

Mai tsara jadawali:
Zaure fa? Zauren tattaunawa.

Malamin Hausa:
Tana da daɗin ji, amma zaure wuri ne. Jadawalin kansa zai ce Zaure na 1, Zaure na 2 don nuna ɗakunan taro, ga shi kuma yanzu mutane suna kiran rukunin WhatsApp zaure. Dandali ma an riga an ba ta aiki a fasaha, Facebook dandalin sada zumunta ne.

Ni ina ganin ba sai mun ƙirƙiro sabon abu ba. A tarukan ƙara wa juna sani na sassan Hausa a jami'o'i an daɗe ana cewa zama na farko, zama na biyu, da shugaban zama, da mai gabatar da muƙala, da mai sharhi. Kenan zama ta riga ta kafu. Sai mu ce zaman tattaunawa, mutanen kuma masu tattaunawa. Amfaninta shi ne tana shiga sahun 'yan'uwanta: zaman buɗe taro, zaman bita inda kowa zai buɗe kwamfutarsa ya gwada, zaman tattaunawa, zaman rufe taro. Mai karanta jadawali ya kalli layi ɗaya ya san ko zama zai yi ya saurara, ko ya zo da caja.

Injiniya:
Allah ya gafarta malam, ina da ja. Tattaunawa ta yi faɗi. Mutum biyu a wurin mai shayi ma tattaunawa suke. Me zai hana zaman masana? Tana nuna zaɓo su aka yi.

Hajiya mai shirye-shiryen rediyo:
Injiniya, gwada ta a bakin mai gabatar da kansa ka ji. "Ina cikin masanan da za su zauna ranar Asabar." Bahaushe ba zai rubuta haka da hannunsa ba, yabon kai jahilci ne. Matashiyar da ta shekara biyu tana rubuta manhaja, wadda ita ce ta fi kowa sanin matsalar da ake magana a kai, sai ta ja da baya ta ce ita ba masaniya ba ce. Sannan a irin wannan taro rabin masu sauraro sun san aikin kamar na kan dandamali. "Ina cikin masu tattaunawa" kuwa kowa zai faɗa ba nauyin baki. Faɗin da kake tsoro, taken zaman ne ke rage shi: zaman tattaunawa a kan biyan kuɗi ta USSD (lambobin da ake dannawa a waya masu farawa da *), zaman tattaunawa a kan tara muryoyin Hausa a Common Voice, rumbun muryoyi na Mozilla. Masu sauraron Ra'ayi Riga na BBC Hausa sun san wannan tsari sarai, baƙi suna magana, mai shiri yana rabon lokaci.

Injiniya:
Na yarda Hajiya. Saura mai tambayar.

Malamin Hausa:
Shugaban zama ce ta fi kusa, tunda ana amfani da ita.

Hajiya mai shirye-shiryen rediyo:
Malam, a nan nake so mu ɗan tsaya, domin a nan zaman ke lalacewa. A al'adar tarukanmu shugabanci girmamawa ne. Da an ce shugaban zama, masu shiri za su nemi wanda ya fi kowa shekaru ko muƙami, shi kuma zai ga haƙƙinsa ne ya buɗe da jawabi, ya gaida manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya. Ku lissafa minti 45 ɗin. Gabatarwa minti 5, wato minti ɗaya ga kowane mai tattaunawa huɗu da ɗaya ga mai tambaya. Tambayoyin da aka shirya minti 25, wanda bai wuce tambaya uku ba idan kowa zai sami minti biyu. Masu sauraro minti 10. Rufewa minti 5. Idan jawabin buɗewa ya ci minti 10, rabon masu sauraro ne ya tafi gaba ɗaya, don shi ne kullum ake yankewa.

Aikin wannan mutum daban ne. Yana kiran masu tattaunawa kwana biyu ko uku kafin taro, ya tura musu tambayoyin, ya tambayi kowa yadda ake faɗin sunansa. A kan dandamali agogo na gabansa, yana iya katse wanda ya girme shi cikin ladabi, ya miƙa abin magana ga wanda ya yi shiru, ya maimaita tambayar mai sauraro don na baya da masu kallo ta intanet su ji. Ni jagoran zama zan ce. Jagora yana gaba ne don ya san hanya, ba don ya fi kowa girma ba.

Tafinta:
Na goyi baya. Kuma jagora tana karɓar jinsi biyu ba wahala: jagoran zama ga namiji, jagorar zama ga mace. A bar mai gabatarwa, ko sanƙira ga masu son tsohuwar kalma, ga wanda ke riƙe da lasifika tun safe yana kiran zama bayan zama. Shugaban taro kuma ya tsaya a matsayinsa na babban baƙo.

Ɗan'uwa daga Maraɗi:
Sannunku da ƙoƙari. A wajenmu takardun taro da Faransanci suke fitowa, sai ka ga "table ronde" da "modérateur". Wasu kan juya ta farko su ce teburin shawara, amma galibi babu ma teburi, kujeru ne a jere da ruwan gora a ƙasa. Zaman tattaunawa za a gane ta nan take. Abu ɗaya nake roƙo: a riƙe masu tattaunawa, kada a koma 'yan zama. Mu a Nijar ƴ muke rubutawa mai lanƙwasa, ku kuna rubuta 'y, sai kalma ɗaya ta fito da fuska biyu, mai bincike a shafin taro ya sami ɗaya ya rasa ɗaya.

Injiniya:
Wannan batu na rubutu yana da muhimmanci. Zaman tattaunawa harafi 16 ne har da tazara, jagoran zama 12, duk suna shiga akwatin jadawali a fuskar waya, kuma babu harafi mai lanƙwasa a cikinsu. Amma muƙala da taƙaitacce da buɗe taro suna da su. Kafin a kai wa mai buga alluna, a gwada salon rubutun da ɓ, ɗ, ƙ manya da ƙanana. Wanda ba shi da su zai fito da akwati a gurbinsu, ko ya aro harafin daga wani salon ya fito a karkace.

Mai tsara jadawali:
Madalla. Saura kan fom ɗin da za a tura wa masu magana. An sa taƙaitaccen tarihi.

Hajiya mai shirye-shiryen rediyo:
A canza shi ƙanena. Da ka ce tarihi, mutum zai fara daga unguwar da aka haife shi da firamaren da ya yi, kalma 200 ba a zo kan aikinsa ba. Ka rubuta gabatar da kai, ka sa iyakar kalma 60, ka raba gurbin uku: suna da aikin da kake yi yanzu, zaman da za ka shiga da matsayinka a ciki, sai abu ɗaya da mai sauraro zai tafi da shi. Misali: "Sunana wance, ina gina manhajojin waya masu aiki ko babu intanet. Ina cikin masu tattaunawa a zaman ƙarfe 2 na ranar Asabar, a Zaure na 1. Zan nuna yadda ake ajiye bayanai a waya har sabis ya dawo, da abin da ke faruwa idan mutum biyu suka gyara abu ɗaya kafin ya dawo." Jagoran zama kuma a ƙara masa gurbi na huɗu, ya rubuta tambayar da zai buɗe zaman da ita, a buga ta a ƙarƙashin taken don mutane su zo da nasu a shirye.