An turo mini maƙala in duba, kuma na gane mai ita

Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Shawara nake nema. Wata mujalla mai buga bincike kan tattalin arziki mai ɗorewa ta turo mini maƙala in tantance, kuma wannan ne karona na farko. An cire sunan marubuci kamar yadda aka saba, amma ban yi nisa ba na gane mai ita: malamin da ya duba aikina na digiri na biyu ne. Salonsa ne sak, ga shi ya yi ta kafa hujja da tsofaffin rubuce-rubucensa. Maƙalar na cewa cire tallafin mai a Mayun 2023 ne ya sa gidaje a Kano suka bar gas suka koma gawayi. Matsalar, a Nassarawa GRA da Zoo Road kaɗai aka raba takardun tambayoyi, sannan aka yanke hukunci a kan birnin kaf. Babu Kurna, babu Fagge, babu cikin gari. In na faɗi gaskiya ina tsoron ya gane ni, in na yi shiru kuma na ci amana. Yaya zan yi?

Wani tsohon edita: Wa alaikumus salam, Malama. Ajiye maƙalar tukuna, ki rubuta wa edita yau. Ki ce kina kyautata zaton kin san marubucin, ga kuma alaƙarku. Ƙa'idojin COPE, ƙungiyar da ke kula da ɗa'ar wallafa bincike, sun kawo irin wannan: wanda kuke aiki a makaranta ɗaya, ko wanda ya kasance malaminki ko ɗalibinki cikin shekaru 3 da suka wuce, ba ki karɓar aikinsa. Ko da shekarun sun fi haka, edita ne zai yanke, ba ke ba. Janyewa ba abin kunya ba ne, mun fi son a gaya mana da wuri mu nemi wani.

Wani dakta a fannin tattalin arziki: Ranka ya daɗe, na yarda ta sanar, amma kada ta ɗauka za a sallame ta. Mu nawa ne a fannin nan a Arewa? Duk mun san juna. In an ce ki ci gaba, ƙanwata, akwai abin da ya fi zaɓen unguwanni girma. Tallafin da aka cire na fetur ne, ba na gas ɗin girki ba. A watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi farashinta, kuma kuɗin gas yana bin dala. To ta yaya ya raba tasirin wannan da na wancan? Ki tambaye shi. Sannan maganar "sun bar gas" ita ma da sake. A gidan mahaifiyata ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6 tana kicin don shayin safe, kurfoti kuma yana tsakar gida don wake da tuwo, haka yake tun kafin 2023. Idan takardar tambayar ta ce mutum ya zaɓi makamashi guda ɗaya tal, amsoshin ba za su nuna gaskiyar gidajenmu ba. Babban gyara maƙalar ke buƙata, ba watsi da ita ba. Ki jera abubuwan da lamba, kowanne da shafinsa, ki yi magana a kan aikin, kada ki taɓa mutumin.

Wata malama: Ni kuma abin da zan ce ba zai yi miki daɗi ba, 'yar uwa. Maƙalar da ake tantancewa sirri ce. Kin faɗi batun, kin faɗi unguwannin, kin faɗi alaƙarku. Rabin mutanen dandalin nan za su iya cankar sunansa, wataƙila ma yana cikinmu yana karantawa. Ki goge bayanan. Kada kuma ki loda ta a manhajar AI don ta taya ki rubuta rahoto, mujallu da dama sun hana.

Mai tambaya: Innalillahi, Anti, yanzu zan goge. Na tura wa edita saƙon. In ya amince in ci gaba, in sa sunana a rahoton?

Tsohon edita: A'a. A wajen tura rahoto akwai gurbin da edita kaɗai ke gani, duk abin da ya shafi alaƙarku can za ki sa shi. Kuma kafin ki tura fayil, ki duba bayanansa a Word, sau da yawa sunan mai kwamfuta yana maƙale a ciki.