Sunanka ya fito cikin masu laifi bisa kuskure? Ga abin da aka ce

Wai mutum ya je neman takardar shaidar hali ta 'yan sanda don biza kawai sai a ce masa an taɓa yanke masa hukunci. Shawarar da mutane suka fi bayarwa ita ce ka fara gano kotun da lambar shari'ar, ka karɓi kwafin hukuncin mai hatimi a wurin rajistara, don sau da yawa mai irin sunanka ne, Musa Ibrahim nawa ne a Kano? In haka ne lauya ya rubuta wa rajistar masu laifi ta Alagbon a Legas a gwada zanen yatsu.

In kuma kai ɗin aka ɗaure bisa kuskure to sai ɗaukaka ƙara, daga majistare zuwa babbar kotu, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara cikin kwana 90, ko lokaci ya wuce lauya na iya roƙon ƙarin wa'adi. Wasu sun kawo afuwar gwamna ta sashe na 212 na kundin tsarin mulkin Najeriya, ni dai ban so ba, wanda bai yi laifi ba me za a yafe masa? Marar kuɗin lauya ya nufi Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai ba marasa ƙarfi lauya, kyauta ne.